Riga Mai Lamba Bakwai

Moss Side, Manchester
Satumba

Zuwa ga Anti Celestina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da ƙanena Nehemiah, da tsofaffin da kike kula da su a wurin aiki. Yaya ƙafar nan da take damunki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne yake rubuta wasiƙa da biro a wannan zamani. Chollom ne, ɗan Ngo Raki ta Vom, wadda kakarta da kakarki suka fito ɗaki ɗaya. Za ki ce sai da bukata ta taso na tuna da ke. Gaskiya ne, amma ki bari in gama.

Gasar zari-rugar da kulob ɗinmu yake bugawa za ta faɗaɗa. Masu ita sun gaji da zagaya garuruwan da suka saba, sun ce za a shigo da sababbin kulob daga wasu ƙasashe, kuma ɗaya a Abuja zai zauna. Abuja fa, Anti! Ƙattin nan za su hau jirgi su je su buga a cikin ranarmu, su san yadda ake gumi. Wani Malam Abdurrahim, Bakano da ya yi karatun harkar wasanni a nan, shi aka ɗora wa nemo 'yan wasa. Mun sha shayi da shi a Fallowfield. Suna son haifaffen gida wanda ya yi wasan ƙwararru a Turai ya sa riga mai lamba bakwai, ya zama kyaftin. Ya ce ni suke so. Gwajin lafiya kawai ya rage, a ƙarshen Nuwamba.

Kulob ɗina na nan ya riga ya gaya mini ba zai sabunta kwantiragina ba, wai na fara tsufa. Ba ni da wata ƙofa sai wannan. Kuma Mama ba ta taɓa ganina a fili ba. A Vom har yau cewa ake Turawa suna biyana in yi kokawa cikin taɓo. Ina so ta zauna a kujera mai kyau ta ji an kira sunana da lasifika. Na riga na gaya mata wasan farko a watan Maris ne, har ta ba da ɗinki.

Ga inda matsalar take. A wasan buɗe kakar wasa ta bana gwiwar wani ƙato ta same ni a gefen kai. Likitan kulob ya ba ni hutu, ya gwada ni, na ci gwajin, domin tambayoyinsa na haddace su kamar ayar makarantar Lahadi. Abin da ban gaya masa ba shi ne hasken waya yana sa ni amai, shi ya sa kika ga biro. Wani lokaci abu ɗaya yana zama biyu a idona. Ran nan na shiga bas zuwa Oxford Road, na sauka, na tsaya ban san abin da ya kawo ni ba. Na ji tsoro, Anti, ba zan ɓoye miki ba.

Abu biyu nake roƙo. Kin daɗe kina aiki da masu ciwon mantuwa, ki gaya mini abin da zan sha ba sai na je wurin GP, likitan unguwarmu, ba, don shi komai sai ya rubuta a kwamfuta. Na biyu, tunda kina kiran Mama ranar Lahadi, ki ce mata wayata ce ta lalace. Don Allah kada kowa ya ji wannan magana.

Na ga wasan Nehemiah kwanaki da suka zo nan. Yana da gudu, ba laifi, amma yana shiga tackle, wato karon kayar da mai ƙwallo, kamar mai neman izini. Ki ce masa zari-ruga ba ƙungiyar mawaƙan coci ba ce. Na gaishe shi da Hausa ya tsaya yana kallona, sai ya ce mini, “You alright?” Kin dai yi ƙoƙari.

Ɗanki,
Chollom

Balsall Heath, Birmingham
Oktoba

Ɗana Chollom,

Salama ta Ubangiji ta tabbata gare ka. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, wato yadda ka bar ta tun bikin da ka gaishe ni daga nesa da ɗaga hannu, kana tsakiyar abokanka Turawa.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na karanta wasiƙarka sau da yawa, musamman ƙarshenta. Na gode da ka ce na yi ƙoƙari. Ni kaɗai na goya yaron nan a ƙasar nan, ina wanke tsofaffin mutane da safe, ina tsayawa bakin fili cikin ruwan sama da yamma. Lokacin da ya zo Manchester neman gurbi a kulob ɗinku, na rubuta maka a waya na ce ka riƙe masa hannu. Ka karanta, na ga alamar ka karanta. A tashar Piccadilly ya ci abincinsa shi kaɗai ya hau jirgi ya dawo. Ban ambaci wannan don wani abu ba, na yafe tun tuni.

Maganar kanka ta tayar mini da hankali ƙwarai. Akwai wani tsoho a wurin aikinmu, shi ma zari-ruga ya buga a zamaninsa, kunnuwansa duk sun dunƙule irin naku. 'Yarsa tana zuwa duk mako yana tambayarta ko ita ce sabuwar nas. Da na karanta labarin bas ɗinka shi na gani. Magani kuwa babu wanda zan ba ka, ni ba likita ba ce.

Don haka na kai ka inda ake samun maganin gaskiya. Ka san al'adarmu a Zumuntar Mata: ba a ɓoye ciwon ɗa. Ana tashi a faɗi sunansa, da sunan uwarsa, da irin ciwon dalla-dalla, don masu addu'a su san inda za su sa gwiwa. Ranar Asabar da muka haɗu da matan Coventry da na Leicester na tashi na faɗa musu komai, aman da ganin biyun da tsayuwar Oxford Road. Chollom, da ka ga yadda mata suka yi kuka dominka! An buga tulu, an yi maka waƙa da sunanka, an sa azumi. Ban taɓa ganin an yi wa wani ɗa irin wannan gata ba.

Ka ce kada kowa ya ji. Ai ban kai maganarka kasuwa ba, gaban Allah na kai ta, a tsakiyar iyayenka mata. Ita Ngo Raki kuwa ban ce mata wayarka ta lalace ba. Ba na ƙarya ranar Lahadi. Na dai ce mata kana gaishe ta.

Nehemiah yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko shi Malam Abdurrahim ɗin yana zuwa kallon wasanni a nan Midlands.

Antinka cikin Ubangiji,
Celestina

Moss Side
Nuwamba

Celestina,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na gan ki a bidiyo, lafiyarki ƙalau. Kin sa sabon ɗankwali, kin riƙe makirfo da hannu biyu, kina share hawayen da babu. Kin san sarai duk taron Zumunta ana ɗaukarsa a waya a watsa. Shekara nawa kina cikinta? Ke ce ma kike gyara wa mai ɗauka wurin tsayawa.

Kafin wasiƙarki ta iso hannuna bidiyon ya zagaye duk wani group na 'yan Filato daga nan har Jos. Abokin zamana ne ya kunna mini, na saurara da ido a rufe. Na ji sunana a bakin mata ana rera shi kamar na gawa. Mama ta kira tana kuka, maƙwabta sun kai mata labari. Na daure na ɗauki wayar, na rantse mata ƙarin gishirinki ne, ciwon kai ne kawai, ina nan zuwa a Maris. Ta yarda, don ta san halinki tun kuna 'yan mata.

Malam Abdurrahim bai yarda ba. Ya zo har gida, ya zauna bakin gadona, ya ce, “Chollom, wallahi da ban gani ba da shi ke nan, amma likitarmu ta gani, kamfanin inshora ma sun gani. Sabon kulob ne, idon duniya yana kanmu. Ba za mu fara da kyaftin da zai faɗi a fili a wasan farko ba.” Aka matso da gwajin. Wannan karon ba tambayoyin da na haddace ba ne, na'ura aka sa ni ciki, aka haska mini fitila a ido har na yi amai a takalmin likitar. Sun janye tayin. Kulob ɗina na nan ma ya dakatar da ni, suna fushi wai na yaudare su. An kwashe kayana daga ɗakin sa kaya an zuba a baƙar leda.

Wata biyu kawai nake nema in huta, kan ya lafa. Kin hana ni.

Kuma kada ki ƙara ce mini gaban Allah kika kai ni. Na karanta layin ƙarshe na wasiƙarki. Ashe tun ba a share hawayen Zumunta ba kina auna wa ɗanki rigata. Bari in gaya miki abin da kociyoyi suke faɗa a kansa tunda ba wanda zai gaya miki: matsoraci ne. Yana rufe ido kafin ya yi karo. Ban riƙe masa hannu a Manchester ba domin kunya nake ji a ce jinina ne. Ubansa ma da ya tattara ya koma Kaduna ya bar ku, ina jin ya hango abin da ya haifa ne, da wadda ya aura. Kina wanke kashin tsofaffin Turawa da rana, ki zo ki wanke zuciyarki da hawayen ƙarya ranar Asabar. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane ki yau ba.

Chollom

Balsall Heath
Disamba

Ɗana Chollom,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto wanda muke shirin bikin haihuwarsa. Muna lafiya, sanyi ne kawai. Ina fata kan yana sauƙi.

Na bar wasiƙarka ta huce kafin in amsa. Zagin da ka yi mini ban riƙe ba. Tsofaffinmu ma haka suke yi idan ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa, su zagi mai ba su abinci, mu dai mu share musu baki mu ci gaba. Na nuna wa shugabar Zumunta wasiƙar don ta ga yadda ciwon ya kai, ta ce a ƙara maka kwanakin azumi.

Ka ce wata biyu kawai kake nema. Da ka samu, da ka je Abuja wani ƙato ya sake buga maka gwiwa a gaban uwarka, a ɗauke ka a makara. Ni na cece ka. Ba na jiran godiya, wata rana idan kana iya gane 'ya'yanka za ka tuna da ni.

Yanzu ga albishir, gara ka ji daga bakina. Malam Abdurrahim ya zo kallon Nehemiah, ya sake zuwa, sannan suka kira shi gwaji. Kansa lafiya lau, likitar har yaba shi ta yi. Ya sa hannu a makon jiya. Lamba bakwai suka ba shi. Kyaftin ɗin wani ɗan Afirka ta Kudu za su ba, tunda wanda suka so ya ba su kunya, amma fuskar Nehemiah ce za ta hau allunan talla a Abuja. Matsoracin nan da yake rufe ido. Wataƙila rufe idon ne ya sa har yau yake gane hanyar gidansu.

Taimako ɗaya nake nema, tunda yanzu kana da lokaci. Masu gasar suna shirya fim na yaron da ya koma ƙasar iyayensa, suna so ya yi gaisuwa da Hausa da Berom a gaban kyamara. Ni Berom ɗina ya yi tsatsa, kuma ba ya son koyo a wurina, dariya muke ɓarkewa da ita. Ka rubuto masa 'yan kalmomi masu sauƙi, yadda ake gaida tsohuwa da yadda ake gode wa jama'a. Kai ka iya irin wannan, na san ka daɗe kana shirya naka jawabin.

Na ji wai ana ɗaukar masu gadi a manyan shagunan Arndale saboda Kirsimeti. Da irin jikinka ba za su ƙi ka ba, sai dai ka roƙa kada su sa ka wurin da fitilu suka yi yawa.

Antinka,
Celestina

Moss Side
Fabrairu

Anti Celestina,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni da sauƙi wasu ranaku.

Na daɗe ban amsa ba don duk abin da na rubuta sai in yaga. Maganar da na yi a kan Baban Nehemiah ban kyauta ba. Sauran ban janye ba, amma ba ni da ƙarfin faɗa yanzu. Kalmomin gaisuwa kuwa ba zan rubuta ba, ki nemi wani.

Ba gadi nake yi ba. Ina taya wani ɗan cocinmu sauke kaya daga mota, aikin ba ya son tunani. Takardun zamana a ƙasar nan suna tafiya da kwantiragin kulob, lauya ya ce kada in fita yanzu, in na fita ba lalle in dawo ba. Ga shi gidan ma ba abin da zan koma in nuna.

Roƙo ɗaya ya sa na ɗauki biro. Har yanzu Mama ba ta san an janye ba. Duk wanda ya kai mata maganar sai ta kore shi, ta ce ɗanta ya rantse mata. Duk ranar da na kira don in faɗa mata sai ta fara ba ni labarin ɗinkinta, da matan da za su raka ta tasha, sai in yi mata sallama ban faɗa ba. Na sani laifina ne. Amma ni ya kamata in faɗa mata, da bakina, ba ke ba, ba Zumunta ba. Kin karɓi rigar, ki bar mini wannan. Idan kun je kada ki ce mata komai. Zan kira ta kafin ranar, na yi alkawari.

Chollom

Balsall Heath
Afrilu

Ɗana Chollom,

Gaisuwa da fatan ka yi Ista lafiya. Na dawo daga Abuja ranar Talata, gajiya ce ta hana ni rubutu da wuri. Nehemiah yana can, ya yi baƙi, ya fara cin tuwo da hannu.

An ci su a wasan, amma ba wanda ya damu. Fili ya cika, rabin mutanen ba su san dokar wasan ba, duk wanda ya faɗi sai a yi ihu. Turawan da suka zo sun yi ja kamar tattasai. Masu gasar sun ce a baɗi za su ƙara wata ƙasar.

Masu fim sun ce labarin ba zai yi daɗi ba sai da tsohuwa daga ƙauye. Ka san nawa iyayen duk sun rasu. Na kira Vom don in ji ko Ngo Raki za ta yarda, sai na tarar ta riga ta ɗaure kayanta tun mako guda, tana jiran motar da ka ce za ka aiko. Ashe ba ka kira ba. Na tuna roƙonka, na tuna yadda ka zage ni a kan buɗe baki, sai na ja bakina na yi shiru. Na dai aika mata mota.

Ta zo da sabon ɗinkinta, da kwanon acca da ta dafa maka tun asuba. Aka ba ta kujera mai kyau a inuwa, kusa da ni. Idonta ya yi rauni sosai yanzu, ban sani ba ko ka san haka. Lasifika kuwa ba a jin komai saboda ihu. Ta ce in nuna mata lamba bakwai, na nuna mata. Tun daga nan har aka tashi ba ta zauna ba. Duk sanda Nehemiah ya ɗauki ƙwallo sai ta ɗaga hannu tana kiran sunanka, tana gaya wa mutanen da ke bayanmu ita ta haife shi. Da aka kayar da shi ta rufe fuska tana cewa a yi masa a hankali, kansa bai daɗe da warkewa ba. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba, ya kamata ka gode mini ko don wannan.

Bayan wasa aka sauko da mu cikin fili, kyamarori suka kewaye mu. Nehemiah ya durƙusa a gabanta yadda aka koya masa. Ta kama kansa da hannu biyu tana yi masa Berom, tana shafa fuskarsa. Shi kuma ya ce, “Na gode, Mama,” da wannan harshen nasa na Birmingham. Sai hannunta ya tsaya. Ta sake shafawa a hankali, goshi, hanci, haɓa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta miƙa masa kwanon accar, don mutane suna kallo, ta juyo wajena ta ce, “Celestina, ina ɗana?”

Na ce mata, “Ngo, ya hana ni faɗa. Ya ce shi zai gaya miki da bakinsa.”

Masu fim sun ce za su yanke wannan wurin, saura duk ya yi kyau. Mota ta mayar da ita Vom. Maƙwabciyarta ta gaya mini tun ranar ba ta fita ko coci, tana zaune a ɗaki da wayar a cinyarta, ta sa an yi mata caji ya cika.

Na cika maka roƙonka, Chollom. Sai ka kira ta.

Antinka cikin Ubangiji,
Celestina